Aure da Matsayin Mace a Littafin Pride and Prejudice: Tambayoyi da Amsoshi

Masu karanta littafin nan na Jane Austen sukan fito da tambayoyi kusan iri ɗaya. Me ya hana 'yan mata biyar gadon ubansu? Me ya sa uwarsu ba ta da zance sai na aure? Yaya aka yi mace mai hankali ta auri sakarai da idonta a buɗe? Yawancin amsoshin suna cikin dokokin Ingila na shekaru 200 da suka wuce, da kuma lissafin kuɗin da marubuciyar ta barbaza a cikin labarin. Mai karatun da ke sauri don ya ga ƙarshen soyayyar yakan tsallake wannan lissafi, alhali shi ne ƙashin bayan littafin.

Wace ce marubuciyar, kuma me labarin ya ƙunsa?

Jane Austen 'yar limamin coci ce a ƙauyen Steventon da ke yankin Hampshire, kudancin Ingila. An haife ta a 1775, ta rasu a 1817 tana da shekara 41. Ta fara rubuta labarin a 1796. A shekarar da ta biyo baya mahaifinta ya yi wa wani mai buga littattafai a Landan tayinsa, mutumin ya ƙi ko dubawa. Sai a Janairun 1813 littafin ya fito cikin juzu'i uku, bayan ta yi masa kwaskwarima sosai. Fam 110 aka biya ta, kuma babu sunanta a bango.

Labarin iyalin Bennet ne, masu gida da gandu a Longbourn: miji da mata da 'ya'ya biyar, duka mata, wato Jane, Elizabeth, Mary, Kitty da auta Lydia. Wani saurayi mai kuɗi, Bingley, ya kama hayar babban gida a maƙwabta, ya zo da amininsa Darcy wanda ya ninka shi arziki da jin kai. Kafin a rufe littafin an ɗaura aure huɗu, kuma babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa.

Me ya sa Misis Bennet ta ƙwallafa rai a kan aurar da 'ya'yanta haka?

Saboda ta iya lissafi, ko da yake ba ta iya bakinta ba. Gandun Longbourn yana kawo fam 2,000 a shekara, a zamanin da leburan gona da ƙyar yake haɗa fam 30. Suna da kuku, suna da barori, suna da keken doki. Amma duk wannan daula a kan numfashin mutum ɗaya ta rataya. Ranar da Mista Bennet ya cika, gida da gandu za su koma hannun wani ɗan'uwansa na nesa, Mista Collins, limamin coci, kuma yana da ikon cewa matar mamacin da 'ya'yanta su tattara nasu ya nasu. Abin da aka rubuta musu tun lokacin ɗaurin aure fam 5,000 ne. In aka zuba shi a takardun lamunin gwamnati masu ba da kashi 4 cikin 100, zai riƙa kawo fam 200 a shekara. Mata shida ke nan za su faɗo daga 2,000 zuwa 200 a wuni guda.

Marubuciyar ta mayar da Misis Bennet abar dariya, kuma ta cancanta. Ga surutu, ga rashin sirri, ga ƙorafin ciwon jijiyoyi duk lokacin da aka saɓa mata. Ita ce ta tura Jane gidan su Bingley a kan doki tana ganin hadari ya haɗo, don ruwa ya tsare ta can ta kwana, yarinyar ta kwashi mura ta kwanta kwanaki. Duk da haka, a gidan nan ita kaɗai ce ke kwana da tunanin gobe. Maigidan, wanda masu karatu suka fi so saboda iya zolaya, ya shafe shekara 23 da aure bai ajiye ko sisi ba. Ya zauna jiran ɗa namiji, da bai zo ba sai ya shige ɗakin littattafansa ya rufo ƙofa. In za a raba laifi a gidan Bennet, ni kam kaso mafi tsoka shi zan ba.

Wace irin doka ce ta hana 'ya'ya mata gadon mahaifinsu?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko al'adar masu filaye ce ta Ingila: ɗan fari namiji shi ke ɗauke ƙasa gaba ɗaya, don kada gandu ya rarrabu ya ƙanƙance, sunan gida ya ɓace. Ƙannensa maza su nemi aikin soja, ko lauya, ko limancin coci. Mata kuma a yanka musu wani abu a kuɗi. Amma ko a wannan tsari, in babu namiji, 'ya'ya mata sukan raba ƙasar a tsakaninsu.

Abu na biyu shi ne ya kayar da 'yan gidan Bennet. Wani daga cikin magabatansu ya ɗaure gandun da takardar sharaɗi cewa namiji ne kawai zai gada. Wannan ya sa Mista Bennet mai cin moriya ne iyakar rayuwarsa, ba ya iya sayarwa, ba ya iya bayarwa, ba ya iya yin wasiyya da shi. Mafita ɗaya ce: in ya haifi ɗa, yaron ya kai shekara 21, sai su haɗu biyu su warware sharaɗin, a samu abin ba mata. Yaron ne bai zo ba. Ba kowane gida ke da wannan ƙulli ba, kuma littafin ya nuna haka: Lady Catherine, gwaggon Darcy ta wajen uwa, 'ya ɗaya ce da ita, kuma 'yar ce za ta gaji katafaren gandun Rosings.

Mai karatu Musulmi ba zai rasa yin nasa lissafin ba. A rabon gado na shari'a, 'ya'ya mata biyar da ba su da ɗan'uwa za su ɗauki biyu bisa uku, matar ta ɗauki ɗaya bisa takwas, ɗan abin da ya saura ne zai kai ga irin su Collins. Kada dai mu yi saurin bugun ƙirji, don a ƙauyukanmu akwai matan da rabonsu na gona yana takarda, amma noman yana hannun 'yan'uwansu maza.

To me ya hana su neman aiki?

Babu aikin da za su nema. Jami'o'in Oxford da Cambridge ba sa ɗaukar mata a lokacin. Soja, lauya, likita, limanci, Majalisa, duka na maza ne. 'Yar masu filaye in ta shiga sana'a don ta ci abinci, ta fita daga sahun da aka haife ta. Abin da ya rage mata shi ne ta zama malamar 'ya'yan wani attajiri, tana zaune a gidansa, ita ba baiwa ba ita ba 'yar gida ba, ko ta zama mai ɗebe wa wata tsohuwa kewa, ko ta raɓe a gidan wa ko ƙane. 'Yan gidan Bennet kuwa ba su da wa, ba su da ƙane.

Tarbiyyar da ake ba su ma ta kasuwar aure ce: kaɗa fiyano, waƙa, zane, rawa, Faransanci, da iya tafiya. Akwai wurin da ƙanwar Bingley ta jero waɗannan a matsayin abin da ke cika mace, Darcy ya ƙara da yawan karatu, Elizabeth ta ce in haka ne tana mamakin ya taɓa ganin ko guda.

Kuɗin da ake ta ambata wa 'yan matan, sadaki ne?

A'a. Sadaki miji ke bayarwa, kuma mallakar amarya ne. Wannan kuwa amarya ce ke shigowa da shi daga gidansu, kuma kowa a gari ya san adadinsa. Ƙanwar Darcy tana da fam 30,000. Ƙanwar Bingley 20,000. Elizabeth 1,000, shi ma sai bayan ran uwarta, wato fam 40 a shekara. Collins ya faɗa mata wannan adadi ƙiri-ƙiri yana tsakiyar neman aurenta, sannan ya yi alkawarin ba zai taɓa goranta mata ba.

Da zarar an ɗaura aure, kuɗin ya zama na miji. Iyaye masu wayo sukan sa lauyoyi su rubuta yarjejeniya kafin biki, a damƙa dukiyar ga amintattu, a yanka wa matar kuɗin kashewa na shekara, a kuma fayyace abin da za ta samu in mijin ya riga ta. Yarinyar da ta gudu da saurayi ba ta da wannan kariya, shi ya sa mayaudara suka fi son a gudu.

Akwai auren dole a littafin?

Doka ba ta yarda a ɗaura wa mace aure ba da amincewarta ba, kuma babu wadda aka ja zuwa coci. Matsin ta wata hanya yake zuwa.

Dubi yadda Collins ya zo. Ya san shi ne zai gaje gidan, sai ya ga kyautatawa ce ya auri ɗaya daga cikin 'yan matan, irin auren zumuncin nan da ke tsare dukiya a gida. Jane ya fara hange. Uwar ta raɗa masa cewa akwai mai zuwa wajenta, kafin ta gama gyara wutar murhu ya koma kan Elizabeth. Da ya tashi magana sai ya jero dalilansa: limami ya kamata ya zama abin koyi, auren zai ƙara masa jin daɗi, sannan uwargijiyarsa Lady Catherine ta ce ya yi, har sau biyu. Elizabeth ta ce ba ta so. Ya ce ai ya san yangar 'yan mata, su ƙi da baki suna so a zuci. Ta maimaita, ya maimaita. Ya ƙara mata da cewa da ɗan abin da take da shi, ba lallai wani ya sake zuwa ba. Sai da ta tashi ta bar masa ɗakin.

Uwar ta garzaya wajen maigida tana cewa in bai tilasta mata ba, ita ta yafe ta. Mista Bennet ya kira Elizabeth ya ce mata zaɓi mai wuya ya same ta: in ta ƙi Collins uwarta ba za ta ƙara kallonta ba, in kuma ta aure shi, shi ba zai ƙara kallonta ba. Wurin yana da ban dariya, kuma uban ya kyauta. Amma a tuna abin da ta ƙi: rufin asirin uwarta da 'yan'uwanta huɗu ne ta mayar, ba tare da wani manemi a hannu ba. Mace a wancan zamani ba ta fara cewa tana so, ba ta rubuta wa saurayi wasiƙa sai an yi baiko. Cewa a'a ne kaɗai makaminta, kuma kowace a'a tana da farashi.

Yaya aka yi Charlotte, mai hankali haka, ta auri Collins?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma a ganina a nan littafin ya fi faɗin gaskiya. Charlotte Lucas aminiyar Elizabeth ce. Shekararta 27, ba kyakkyawa ba ce, gidansu 'ya'ya da yawa kuɗi kaɗan. A idon garin ta yi kwantai. Da ta ga ƙawarta ta kori Collins, sai ta zauna tana sauraron surutunsa da haƙuri, har Elizabeth tana yi mata godiya don ta ɗauke musu nauyi. Ashe da nata nufin. Da safe ta hango shi ta tagar bene yana nufo gidansu, ta yi maza ta sauko ta tare shi a lungu kamar kiciɓis suka yi. Cikin kwana uku mutumin ya nemi mata biyu.

Gidansu aka yi murna. Ƙannenta mata sun ga hanya ta buɗe musu, ƙannenta maza sun huta da fargabar za ta tsufa a wuyansu, uwarta kuwa ta fara ƙiyasin shekarun da suka rage wa Mista Bennet a duniya. Elizabeth ce kaɗai ta ji kamar an mare ta. Charlotte ta ce mata ita ba mai mafarkin soyayya ba ce, gida mai rufin asiri kawai take nema. Marubuciyar da kanta ta faɗa da bakinta cewa ga mace mai ilimi da ƙaramin rabo, aure ne kaɗai madogara ta mutunci, ko da ba shi da tabbacin kawo farin ciki. Da babu gara ba daɗi.

Da Elizabeth ta kai mata ziyara a Hunsford, ta ga yadda ake zama da irin wannan miji. Charlotte tana ƙarfafa masa gwiwa ya riƙa aikin lambu, wai don lafiyarsa. Ta bar ɗaki mai kyau da ke kallon hanya, ta zaɓi wani na baya ya zama wurin zamanta, don ta san in ta zauna a mai kyan zai riƙa shigowa. In ya saki maganar kunya a gaban baƙi, sai ta yi kamar ba ta ji ba. Tana da gidanta, da kajinta, da hidimar jama'ar cocin. Austen ba ta hukunta ta da baƙin ciki ba, ba ta kuma ce ta dace ba. Kuma in Mista Bennet ya mutu, Charlotte ce za ta zama uwargidan Longbourn, gidan da aka haifi ƙawarta.

A Ingila ta 1813, matan da suka yi irin zaɓin Charlotte sun fi masu sa'ar Elizabeth yawa nesa ba kusa ba.

Wane haƙƙi mace take da shi bayan an ɗaura aure?

Kaɗan ƙwarai. Masanin shari'a William Blackstone ya bayyana ƙa'idar a 1765: miji da mata mutum ɗaya ne a idon doka, matar ta shige ƙarƙashin inuwar mijin. Kuɗinta da kayanta da abin da ta samu da guminta nasa ne. Ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, ba ta kai ƙara ita kaɗai. 'Ya'ya na uba ne, in an rabu yana iya hana ta ganinsu. Raba aure kuwa sai Majalisar Dokoki ta yi doka ta musamman a kan mutum, abin da sai hamshaƙai ke iyawa. Kafin 1857, mata huɗu ne kacal suka taɓa samun rabuwa ta wannan hanya.

Wanda ya taso inda ake da saki da khul'i, inda bazawara kan sake aure ba tare da an ga baƙon abu ba, sai ya riƙe wannan a ransa kafin ya fahimci tsoron Elizabeth. In ta yi kuskure sau ɗaya, sai mutuwa. Ta kuma girma tana kallon misali a gida: ubanta ya auri kyau da ƙuruciya, ya farka ya ga babu abin da zai girmama, ya ƙare yana yi wa matarsa ba'a a gaban 'ya'yanta. Shi ya sa da ta zo masa da maganar Darcy, abin da ya roƙe ta shi ne kada ta sa shi baƙin cikin ganin ta da mijin da ba za ta iya girmamawa ba.

Me ya sa gudun Lydia ya zama masifa ga gidan gaba ɗaya?

Lydia tana da shekara 16 aka bar ta ta bi matar wani Kanar zuwa Brighton, inda sojoji suka yi sansani. Elizabeth ta roƙi ubansu ya hana, ya ce a bar ta, in ba haka ba ba za a samu zaman lafiya a gida ba. Can ta gudu da Wickham, jami'in soja mai fara'a da tarin bashi. Ta bar takarda tana cewa Gretna Green suka nufa. Ƙauye ne a bakin iyakar Sikotilan. Dokar aure ta 1753 ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure a Ingila sai da yardar iyaye, amma ba ta aiki a Sikotilan, don haka masu gudu can suke tsallakawa.

Da sun je can, abin kunya ne da za a iya shanyewa. Ba su je ba. Landan suka maƙale, suka yi mako biyu tare babu aure, kuma Wickham ba shi da niyyar yi. Wake ɗaya ke ɓata gari: wa zai nemi yayyenta huɗu bayan haka? Collins, limami guda, ya rubuto wa uban cewa da mutuwa ta yi da ya fi sauƙi. Mary ta karanto wa Elizabeth darasin cewa mutuncin mace in ya zube ba ya kwasuwa.

Darcy ne ya nemo su a ɓoye, ya sayi auren. Ya biya bashin da ya haura fam 1,000, ya ƙara wa Lydia wani 1,000 a kan rabonta, ya saya wa Wickham muƙami a rundunar da ke Newcastle. A lura da wanda aka biya. Wickham ya taɓa yunƙurin gudu da ƙanwar Darcy tana 'yar shekara 15 don fam 30,000 ɗinta, ya bar bashi a duk garin da ya zauna, amma shi aka rarrasa, aka ba shi aiki. Maganin da kowa ya yarda da shi, har masu hankalin gidan, shi ne a ɗaure yarinya da mayaudarin da ya ɓata ta har abada.

Ita kuwa ko a jikinta. Ta dawo gida tana ɗora hannu a tagar keken doki don a ga zobe. Da aka tashi shiga ɗakin cin abinci ta wuce gaban babbar yayarsu tana cewa Jane ta ja baya, yanzu ita ce matar aure. Kuma bisa ƙa'idar zamanin gaskiyarta ne: auta mai miji, kowane irin miji, tana gaba da yayar da ba ta da shi.

Maza fa, su ma suna auren kuɗi?

Sosai. Kanar Fitzwilliam, ɗan babban basarake amma ba ɗan fari ba, ya gaya wa Elizabeth a fili cewa irinsu ba sa auren wadda suke so sai sun duba abin hannunta. Wickham ya daina kula Elizabeth ranar da wata Mary King ta gaji fam 10,000. Bambancin shi ne namiji yana da sana'a, yana da lokaci, kuma shi ke tambaya.

Elizabeth son Darcy take yi, ko gidansa Pemberley ta gani?

Masu zarginta suna da hujja ɗaya. Da ta ga gidan da dajinsa da rafinsa a Derbyshire, ta raya a ranta cewa zama uwargidan wannan wuri ba ƙaramin abu ba ne. Daga baya da Jane ta tambaye ta yaushe ta fara son sa, ta ce tun ranar da ta ga filayensa. Wasa take yi, Jane ma ta ce ta bar wasa.

Hujjar da ke wanke ta ta fi ƙarfi. Ta san yana samun fam 10,000 a shekara tun daren da ta fara ganinsa, kuma da ya nemi aurenta karon farko, yana lissafa mata ƙasƙancin danginta, ta ce masa ko shi kaɗai ya rage a duniya ba za ta aure shi ba. Abin da ya juya ta shi ne wasiƙar da ya rubuta mata bayan ta ƙi shi, da shaidar tsohuwar mai kula da gidansa wadda ta san shi tun yana ɗan shekara huɗu, da yadda ya karrama kawunta Gardiner, ɗan kasuwar da manyan gari ke rainawa, sannan abin da ya yi wa Lydia. Mace da za ta miƙa kanta da duk abin da ta mallaka ga mutum, dole ta duba yadda yake riƙe waɗanda ke ƙarƙashinsa, barori da manoman haya da ƙanwa marainiya.

Amma akwai abin da ban yarda a rufe ido a kai ba. Marubuciyar ta saka wa Elizabeth da mutumin da ya fi kowa kuɗi a littafin. Da Darcy bai dawo ba, ƙin Collins da ta yi zai iya ƙarewa da mata shida a ɗakin haya. Sa'a ce ta fitar da ita, dokar da ta jefa su cikin ramin tana nan yadda take har shafin ƙarshe.

Ai ga Lady Catherine, mace mai iko. Ba ta rushe wannan magana ba?

Mijinta ya mutu, shi ya sa. Matar mamaci mai dukiya ita ce macen da ta fi kowa 'yanci a wancan tsari, don babu inuwar da ta rufe ta. Kuma ikon nata a kan aure take kashe shi: tun suna cikin tsumma ta tsara Darcy zai auri 'yarta, don gandu biyu su haɗe. Da ta zo har gida tana yi wa Elizabeth barazana, yarinyar ta amsa mata cewa shi ɗan mutunci ne mai ƙasa, ita ma 'yar mai ƙasa ce, don haka daidai suke. Elizabeth ba ta ce a rushe matakan ba, cewa ta yi tana kan mataki ɗaya da shi.

Ina matan talakawa a labarin?

Suna bayan ƙofa. Ana jin sunan Hill, mai kula da gidan Bennet, in an ƙwala mata kira. Misis Bennet har haushi ta ji da Collins ya tambayi wace ce cikin 'ya'yanta ta yi girki, ta ce suna da halin ɗaukar kuku. Yawancin matan Ingila a lokacin aiki suke yi, a gonaki, a gidajen masu kuɗi, a masaƙu. Talaucin da 'yan gidan Bennet ke tsoro, wato fam 200 a shekara, arziki ne a wajen mai wanke musu kaya. Littafin na mutanen da faɗuwa daga matsayi ke tsoratarwa ne, kuma marubuciyar ba ta yi da'awar ta wuce nan ba.

Ita Jane Austen ta yi aure?

Ba ta yi ba. A Disambar 1802, tana gab da cika shekara 27, wato shekarun Charlotte, ƙanen wasu ƙawayenta mai suna Harris Bigg-Wither, magajin babban gida, ya nemi aurenta. Ta amsa da daddare, da gari ya waye ta janye. Yayarta Cassandra ma ba ta yi aure ba, wanda zai aure ta zazzaɓi ya kashe shi a tsibiran Karibiyan a 1797. Da mahaifinsu ya rasu a 1805, su biyu da uwarsu suka koma dogaro da gudummawar 'yan'uwansu maza, suna ƙaura daga nan zuwa can, har sai da yayanta Edward ya ba su ƙaramin gida a Chawton a 1809. A can ta gyara wannan littafi. Duk abin da rubutu ya kawo mata a rayuwarta bai kai fam 1,000 ba.

Wasiƙu biyu da ta rubuta wa Fanny, 'yar yayanta, sun nuna ta san ɓangarorin biyu. A 1814 ta ce mata a jure komai da a yi aure babu ƙauna. A 1817 ta ce mata matan da ba su yi aure ba talauci na yawan bin su, kuma wannan babbar hujja ce ta yin auren.

Yaushe waɗannan dokoki suka canza?

A hankali, kuma duka bayan rasuwarta. Marubuciya Mary Wollstonecraft ta riga ta yi rubutu mai zafi a kan haƙƙin mata tun 1792, amma Majalisa ba ta motsa da wuri ba. A 1839, bayan gwagwarmayar Caroline Norton wadda mijinta ya raba ta da 'ya'yanta, aka ba uwa damar neman riƙon ƙananan yara. A 1857 aka mayar da raba aure hannun kotu, ko da yake sharuɗɗan da aka gindaya wa mace sun fi na namiji tsauri. Dokar 1870 ta bar wa matar aure abin da ta samu da guminta, ta 1882 ta ba ta ikon mallakar dukiyarta kamar kowa. Jami'ar Landan ta buɗe wa mata ƙofar digiri a 1878, Oxford sai 1920. Zaɓe kuwa, mata masu shekara 30 zuwa sama da suka cika wasu sharuɗɗa suka fara samu a 1918, aka daidaita su da maza a 1928.

Irin ƙullin da ya ɗaure Longbourn ya daɗe fiye da yadda ake zato, don sai da dokar 1996 ta zo aka hana ƙulla sabo a Ingila. Gadon sarautar ƙasar an gyara shi a 2013, ta yadda ƙane ba ya tsallake yayarsa mace. Amma yawancin sarautun gado na manyan gidajen Birtaniya har yau namiji ne ke ɗauka, kuma in basarake ya mutu ya bar 'ya'ya mata zalla, ɗan'uwa na nesa ake nemowa.